Ƙaramin Manomi da Kasuwar Ƙetare: Tambayoyi da Amsoshi kan Ridi, Zobo, Wake da Kaɗe

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin manoma, shugabannin ƙungiyoyin gama kai, da matasan da ke son shiga harkar fitar da amfanin gona. An fi ba da ƙarfi ga ridi da zobo, domin su ne suka fi fita daga ƙasar Hausa a yau.

Ai dama kayanmu suna fita waje. To wace haɗawa kuma ake magana?

Suna fita ƙwarai. Ridin Jigawa da Yobe da Nasarawa da Binuwai yana kai wa Japan da Turkiyya da Sin. Zobon da aka ɓare a ƙauyukan Gumel da Maigatari shi ake jiƙawa a sha a Meziko. Sai dai ka bi buhu ɗaya ka ga hannu nawa ya ratsa. Manomi ya kai kasuwar ƙauye ya auna wa ɗan sari da tiya, ɗan sari ya tara ya miƙa wa babban mai saye a kasuwar mako, daga nan mota ta kwasa zuwa Dawanau a Kano, kamfani ya saya ya tace da inji, ya ɗura a kwantena, ta kama hanyar Legas. Wanda ya shuka bai san inda kayansa suka nufa ba, bai san nawa aka saya a can ba, bai kuma taɓa jin sharuɗɗan da mai sayen ya gindaya ba.

Haɗawar da ake nufi ita ce labari ya riƙa tafiya ta fuska biyu. Mai saye ya san gonar da kaya suka fito, manomi ya san abin da ake nema da abin da za a biya tun kafin ya zuba iri.

Me ke sa a ce ciniki mai ɗorewa ne?

A taƙaice, cinikin da za a iya maimaitawa baɗi da baɗin baɗaɗa ba tare da wani ya karye ba. Manomi ya samu abin da zai rufe kuɗin taki da ƙwadago har ya rage masa, ƙasar gonar ba ta mutu ba, mai saye kuma ya buɗe kwantena ya tarar da abin da aka yi masa alkawari.

Mun taɓa ganin cinikin da ya bunƙasa ya kuma rushe. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1912, gyaɗa ta zama dukiyar Arewa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara buhuna har aka yi dalar gyaɗa da duniya ta san da ita. Amma hukumar cinikin amfanin gona tana saye a hannun manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Da farin shekarun farkon 1970 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur kuma suka ɗauke hankalin gwamnati, sai manomin ya tarar ba shi da wani dalilin da zai sa ya nace. Dalar ta ɓace, hukumomin ma aka rushe su a 1986. Duk wanda ke shirin sabon tsari a yau ya kamata ya fara tambayar abin da zai rage a aljihun wanda ya riƙe fartanya.

Waɗanne kaya ne suke da kasuwa a waje?

Ridi ne kan gaba, sai zobo, busasshiyar citta ta kudancin Kaduna, ƙwarar kaɗe da manta, ƙaro na Borno da Yobe da Jigawa, yazawa, waken suya da aya. Kowanne da nasa hali. Citta ta Kachia da Jaba tana da suna saboda yajinta da yawan manta, amma cutar da ta afka wa gonaki a daminar 2023 ta nuna haɗarin yanki guda ya dogara da shuka guda. Ƙaro kuwa Sudan ce babbar mai samar da shi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 masu saye suka ƙara waiwayar Chadi da Najeriya.

Ina da gona kadada biyu. Zan iya fitar da kayana da kaina?

Da wuya, kuma lissafi ne ya hana. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin tan 18 zuwa 19 na ridi. Ƙaramin manomi ba kasafai yake wuce rabin tan a kadada ba. Ke nan kwantena ɗaya na buƙatar amfanin kadada arba'in ko fiye, kuma mai saye yana so duka ya zama launi ɗaya, bushewa ɗaya, tsabta ɗaya. Wannan ne ya sa ƙungiya ta zama dole. Ba lallai ne ƙungiyar ta fitar da kanta ba a shekarun farko. In ta iya tara tirela guda ta kaya masu tsabta ta sayar kai tsaye ga kamfanin da ke fitarwa, ta riga ta tsallake hannu biyu ko uku.

Me ya sa ake dawo da kayanmu daga Turai da sauran wurare?

Dalilan ba su da yawa, kuma kusan duk a gida suke farawa.

Wake ya fi kowa shan kunya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan dikulobos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke yayyafawa a buhu don kashe ƙwari. Iyakar da dokarsu ta yarda ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, abin da aka riƙa samu kuwa ya ninka haka sau da yawa. An ce haramcin na shekara ɗaya ne, sai aka yi ta sabunta shi. Manomin da bai taɓa zuba komai a wakensa ba shi ma ƙofar ta rufe masa, wake ɗaya ya ɓata gari. Abin da ya fi ciwo shi ne wanda aka ƙi karɓa a can shi muke dafa wa 'ya'yanmu a nan.

Zobo ma ya taɓa shiga irin wannan matsala. Meziko, wadda ita ce babbar mai sayensa, ta dakatar da karɓa saboda ƙwaron ajiya da aka gano a cikin kaya, aka kwashe shekaru ana kai da komo tsakanin hukumar kula da lafiyar tsirrai ta ƙasa, NAQS, da takwararta ta can kafin a sake buɗewa. A ridi kuwa abin da Turai ta fi kamawa shi ne ƙwayar cutar salmonela, wadda ke fitowa daga kashin tsuntsaye, kaji, ɓeraye da dabbobi. Japan ta fi matsawa kan ragowar maganin feshi. A gyaɗa da masara, gubar afalatoksin ce, wadda hunhuna ke haifarwa idan kaya sun sha danshi, kuma tana jawo ciwon dajin hanta.

To me manomi zai yi a gona da gida don kauce wa wannan?

Ka dubi yadda ake kakkaɓe ridi a yawancin ƙauyukanmu. An yanke, an ɗaure dami-dami, an jingina su a tsaye a fili har kwanson ya tsage. Ranar kakkaɓa sai a share ƙasa da tsintsiya, a kifa damin a buga da sanda, ƙwayar ta zuba a kan turɓaya. Kaji na tsattsaga a gefe, akuya ta ratsa ta tsakiya, a kore ta a ci gaba. Da yamma a tattara da yashi da komai a ɗura a tsohon buhun taki. A wannan yinin guda aka samu tsakuwa, aka samu salmonela, aka samu warin sinadari. Inji a Kano zai fitar da tsakuwar, amma ba zai fitar da sauran biyun ba.

Gyaran ba ya buƙatar miliyoyi. Tamfol mai tsabta a ƙarƙashin damin tun ranar da aka jingina shi. A sheƙe, a rairaye, a bar shi ya bushe sosai, domin masu saye kan nemi danshi kada ya wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari. Sabon buhu, a jera a kan katako nesa da bango. Kada a gauraya fari da ja. Zobo a shanya shi a kan tabarma ko tamfol a cikin shinge, a daina baza shi a bakin kwalta inda hayaƙin mota da ƙura ke sauka a kai.

Wake yana da maganinsa da ba guba: buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka. In aka ɗaure kowace leda da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron sai ya mutu da kansa. Ga gyaɗa da masara akwai Aflasafe, maganin rage gubar afalatoksin na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ana watsa kilo 10 a kadada makonni biyu zuwa uku kafin fure.

Na ji. Amma in na wahala na tsabtace, ɗan sari kuɗi ɗaya zai ba ni da wanda ya zuba yashi. Ina ribar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma mai yin ta yana da gaskiya. Muddin ana saye da tiya, farashi ɗaya ga kowa, to kasuwa tana saka wa mai algus ne tana hukunta mai tsabta. Wanda ya bar yashi kashi biyar cikin ɗari an biya shi kuɗin ridi a kan yashi. Wanda ya rairaye ya rage wa kansa nauyi. Ana iya tara manoma a yi musu bita sau goma, a raba riguna da huluna, in farashin bai bambanta ba kowa zai koma yadda ya saba.

Saboda haka duk tsarin da ya zo muku da sunan haɗa ku da kasuwar waje, ku tambaye shi abu uku kafin ku sa hannu. Da sikeli za a saya, kuma a gabanmu za a auna? Akwai daraja ta ɗaya da ta biyu, kuma nawa ne tsakaninsu? Yaushe kuɗi za su shigo hannu? Kamfanin da ke samun ƙarin dala a kan kaya masu tsabta amma ya ƙi sauko da wani abu daga ciki zuwa ƙauye, shi ne ke kashe kasuwar da yake ci daga gare ta. Mu ma a namu ɓangaren mun san hukuncin algus. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu a tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu.

Ba gara a kawar da dillalai da 'yan sari gaba ɗaya ba?

A'a. Ɗan sari ne ke shiga ƙauyen da mota ba ta zuwa, ya biya nan take, wani lokaci ya ranta maka kuɗin asibiti da damina. Kamfani ba zai yi wannan ba. Abin gyara shi ne ɓoye farashi da murɗe awo. Dillalin da la'adarsa take a fili, kowa ya san nawa ce, yana da gurbi a kowane tsari.

Yaya noman kwangila yake, kuma ya halatta?

Kamfani kan ba da iri, taki, wani lokaci da malamin gona, a kan cewa da kaka za ka sayar masa. Fa'idarsa ka san mai sayenka tun kafin shuka. Inda yake lalacewa wuri biyu ne. Farashi ya tashi a kasuwa, manomi ya zagaya ya sayar wa wani ya ce gona ba ta yi ba. Ko farashi ya faɗi, kamfani ya fara neman aibu a kaya don ya gudu. Yarjejeniyar da ta fi daɗewa ita ce wadda ta sa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, sannan ta ce in kasuwa ta haura za a bi farashin ranar awo. A rubuta da harshen da manomi ke karantawa, Hausar boko ko ajami, a gaban mai unguwa ko dagaci, a kuma faɗi abin da za a yi in fari ko ambaliya ta ci gonar.

Ta fuskar addini, fiƙihu ya san cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san awo, a san siffa, a san lokaci. Ba kowace kwangilar zamani ce ta cika waɗannan ba, musamman wadda aka saka ruwa a kan bashin taki. Ku kai takardar wurin malami ya duba kafin a sa hannu.

Muna jin ana maganar takardun shaida irin su Fairtrade da na noman da ba sinadari. Suna da amfani?

Suna da shi idan akwai mai saye a hannu da ya ce yana so. Fairtrade tana sa mafi ƙarancin farashi ga wasu kaya, da ƙarin kuɗi da ake ba ƙungiya ta yanke abin da za ta yi da su, rijiya ko aji ko sito. A koko, ƙarin ya zama dala 240 a kowane tan a 2019. Ƙungiyar Kuapa Kokoo ta Ghana, wadda aka kafa a 1993, ta bi wannan hanya har ta mallaki hannun jari a kamfanin cakulan na Divine a Ingila.

Shaidar noman da ba sinadari tana buƙatar a daina takin zamani da feshi na shekara biyu zuwa uku kafin a ba da ita, a riƙa rubuta duk abin da aka yi a kowace gona, masu bincike su zo duk shekara, kuma ku ne za ku biya su. Zobo da kaɗe da ƙaro sun fi sauƙin shiga, tunda dama ba a cika yi musu feshi ba. Shawarata ita ce kada ƙungiya ta ci bashi ta sayi takarda tana fatan mai saye zai ɓullo. A samu mai sayen tukuna, a nemi ya ɗauki wani kaso na kuɗin binciken. A kuma tambaya da sunan wa takardar za ta fito, domin in da sunan kamfani ce, ranar da kuka rabu ta tafi da shi.

Wasu sun zo suna ɗaukar taswirar gonaki da waya. Ƙwace za a yi?

Tsoron yana da dalili a ƙasar da rikicin fili ya yi yawa, don haka ku nemi sanin ko su wane ne da inda bayanin zai tafi. Amma asalin abin daga masu saye ne. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa koko, kofi, manja, waken suya, roba, katako da shanu ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna ba daga dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020 suka fito ba, shaidar kuwa ita ce taswirar gonar. Ridi da zobo ba sa cikin jerin, sai dai manyan masu saye sun fara son sanin tushen kowane buhu.

In ƙungiyarmu ta kai ƙarfin fitarwa da kanta, waɗanne takardu ake nema a Najeriya?

Rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sannan takardar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC. Kowace fita sai an cike fom ɗin fitar da kaya, NXP, ta banki. NAQS ce ke duba kaya ta ba da shaidar lafiyar tsirrai, in kuma an sarrafa su kamar man kaɗe ko garin citta, NAFDAC ta shigo. Akwai takardar asalin kaya, akwai ta kwastam, kuma doka ta ce kuɗin da aka sayar su dawo ta banki cikin kwana 180. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Kano a farkon 2023, da ta Kaduna da ta Funtuwa, an yi su ne don a gama wannan aiki a kusa da gida, ko da yake cin moriyarsu sosai yana jiran jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya a kai a kai.

Wani ya tuntuɓe mu ta WhatsApp ya ce yana da mai saye a Dubai, mu tura kuɗin rajista.

Kada ku tura. Mai saye na gaskiya samfur yake nema da sakamakon ɗakin gwaji. Haka kuma kada ku saki kwantena a kan alkawarin baki. Ko a ba da kafin alƙalami mai kauri, ko a bi ta takardar lamunin banki.

Ina mata a cikin wannan harka?

Su ne ƙashin bayanta, su ne kuma suka fi kowa ƙarancin samu. Mace ce ke zama da tulin zobo tana ɓare shi ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayinsa na cin hannu, yatsu su yi ja har su tsattsage, a biya ta da kwano. Mace ce ke fita da asuba tsintar kaɗanya a jejin Neja da Kwara da Kebbi, da haɗarin maciji, ta dafa, ta shanya, ta fasa. Tsabtar da mai saye ke biya dominta a hannunta ake yin ta. Idan ƙungiya ta rubuta sunan maigida kaɗai, kuɗin inganci ba za su taɓa isa wurin mai aikin ba. A rubuta sunanta, a biya ta a asusunta ko a tafin hannunta.

Noman kayan fitarwa ba zai jawo yunwa a gida ba?

Zai iya, in aka yi ganganci. Shekarar da ridi ya yi tsada sai ka ga mutum ya juye gonar gero duka, baɗi farashi ya faɗi, ga rumbu wayam. Iyayenmu sun san maganin wannan: hatsin shekara tukuna, sannan na kuɗi. Zobo ma a gefen gona da tsakanin kunya aka saba sa shi. Juya shuka da wake ko gyaɗa yana mayar wa ƙasa ƙarfi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gona yake yi, miliyoyin kadada sun farfaɗo ta wannan sassabin zamani ba tare da an dasa ko ɗaya ba.

Me ya hana mu sarrafa kayan a gida maimakon fitar da su ɗanye?

Wuta, jari, da injin da zai cika sharuɗɗan tsabta. Burin daidai ne, domin ribar man kaɗe ta fi ta ƙwara nesa ba kusa ba. A Agustan 2025 gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe na wata shida don masana'antun gida su samu, bayan Burkina Faso da Mali sun yi irin haka. Amma da aka rufe ƙofa farat ɗaya farashi ya faɗi a karkara, kuma matan da suka riga suka tsinto ne suka fara jin zafin. Irin wannan mataki yana bukatar a sanar da wuri, a kuma tabbatar masana'antun za su saya da daraja.

Dole sai Turai ko Asiya? Maƙwabta fa?

Ga ƙaramar ƙungiya, sau da yawa maƙwabta sun fi sauƙi. Albasar Galmi ta Nijar ta daɗe tana cika kasuwannin Accra da Abidjan, waken Nijar na shigowa Dawanau, hatsin Dawanau na tafiya Chadi da Kamaru. Yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka, wadda aka ƙulla a Kigali a 2018 aka fara aiki da ita a Janairun 2021, an yi ta ne don rage haraji a irin wannan fatauci. Abin da ke cin ɗan kasuwa a zahiri shi ne shingayen hanya da rufe iyaka, kamar wanda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, lokacin da motocin albasa suka yi ta ruɓewa a bakin iyaka.

Muna so mu fara a bana. Daga ina?

Ku zaɓi kaya ɗaya da kuka riga kuka iya nomawa. Ku tara mutum talatin zuwa hamsin da suka yarda da juna, ku yi rajistar ƙungiya a ofishin gama kai na jiha, ku buɗe asusun da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Ku sayi sikeli da tamfol, ku shuka iri ɗaya, ku sa wa kowane buhu lambar mai shi a littafi. Tun kafin girbi ku tura mutum biyu Dawanau ko ofishin NEPC mafi kusa da samfurin kilo ɗaya na bara, su zagaya kamfanoni uku ko huɗu, su dawo da sharuɗɗan kowanne da farashinsa a rubuce, a karanta wa kowa a taron ƙungiya.